Fayil ɗin KeePass ɗina ya haifi 'ya'ya huɗu, wanne zan goge?

Aliyu S.
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana a taimaka min kafin in yi wa kaina ɓarna da hannuna. Kusan shekara uku ke nan ina ajiye kalmomin sirrina a KeePassXC, fayil guda ɗaya tak mai suna Sirri.kdbx, yana zaune a foldar da ke daidaita kanta da ma'ajiyar intanet. Da shi nake aiki a laftof ɗin gida, da kwamfutar ofis, da kuma waya. Jiya da dare na shiga foldar neman wata takarda daban, sai ga fayil biyar a jere. Na asali yana nan, sauran huɗun sunansu ɗaya da shi, sai dai kowanne an liƙa masa kwanan wata a wutsiya. Mafi tsufa tun watan Maris yake kwance ban sani ba. Girmansu ma kusan ɗaya ne, wani 212 KB, wani 214, wani 215. Wanne ne na gaskiya? Hannuna na kan maɓallin gogewa, zuciyata ce ta ƙi.

Sadiq
Wa alaikumus salam. Abu mai sauƙi. Duba wanda kwanan watansa ya fi kusa, ka bar shi, ka share sauran. Ni haka nake yi da duk wani fayil da ya ninka kansa.

Malam Nura
Aliyu, ɗauke hannunka daga maɓallin nan tukuna. Sadiq ƙanena, shawararka tana aiki a kan hoto ko takardar da mutum ya san abin da ke ciki, amma a nan za ta iya jawo kuka. Wanda ya fi sabunta ba lallai ne ya ƙunshi komai ba. Kowane ɗaya daga cikin huɗun nan shaida ce cewa akwai ranar da na'urori biyu suka yi gyara a kan fayil ɗin ba tare da ɗaya ta ga aikin ɗaya ba. A ce ranar Litinin ka buɗe sabon asusu a laftof babu intanet, ka adana. Ranar Talata ka canza wata kalmar sirri a ofis, ita ma ka adana, ta hau sama. Daren Talata laftof ya samu intanet, ya zo da nasa. Ma'ajiyar ta ga abu biyu da suka fito daga uwa ɗaya, kowanne da canjinsa. Ba ta da idon leƙa ciki, domin fayil ɗin a rufe yake ruf da AES-256 ko ChaCha20, a wurinta tarin baƙaƙe ne marasa ma'ana. Sai ta bar ɗaya da sunan asali, ta jingine ɗayan a gefe da sabon suna. Ma'ana aikinka na Litinin yana cikin na gefen, kuma babu shi a ko'ina sai can.

Don haka ka da ka goge komai yau. Haɗa su za ka yi.

Aliyu S.
Innalillahi. Malam, yanzu na gane wani abu. A watan Yuni akwai wani shafi da na tabbata na adana kalmarsa, na zo nema babu, har na zargi kaina da mantuwa na sake saita sabuwa. Ashe tana nan gefe a kwance.

Hajiya Rabi
Ga mai son sanin yadda zai gane irin waɗannan fayilolin a foldarsa, kowace ma'ajiya da salon sunan da take raɗawa. Dropbox yana saka kalmomin "conflicted copy" tare da suna da kwanan wata. Nextcloud ma kusan haka, har da sa'a da minti. OneDrive sunan kwamfutar yake liƙawa a ƙarshen sunan fayil ɗin, shi ya sa mutane da yawa ba sa lura, suna ɗauka su suka yi da kansu. Syncthing yana rubuta "sync-conflict" sai kwanan wata da lokaci da guntun lambar na'ura. Wanda ya fi rikita mutane shi ne Google Drive, domin shi da lambar ciki yake gane fayil, ba da suna ba, saboda haka yana iya riƙe fayil biyu masu suna iri ɗaya sak a folda ɗaya. A burauza ka gan su tagwaye, a kwamfuta kuma ɗaya ya zo da lamba 1 a gefensa. Na taɓa zama da wata abokiyar aiki wadda wayarta ke rubutu a ɗaya, kwamfutarta na rubutu a ɗayan, wata biyu cur, tana ta mamakin me ya sa abin da ta saka a waya ba ya zuwa.

Sadiq
To na janye. Amma tambaya: ba zai iya gwada su da SHA-256 ba, wato lissafin da ke fitar wa kowane fayil lamba kamar zanen yatsa, ya ga waɗanda suke iri ɗaya ya rage yawan aikin?

Malam Nura
Zai iya, kuma idan biyu suka fito da lamba ɗaya to kwafi ne na zahiri, ɗaya ya isa. Sai dai ka da ka sa rai. Duk lokacin da aka adana fayil ɗin kdbx, manhajar tana zaɓar sabbin lambobin ɓoyewa, don haka ko harafi ɗaya ba ka canza ba, fayil ɗin da ya fito ya bambanta da na baya daga farko har ƙarshe. Bambancin lambar ba ya gaya maka ko abin da ke ciki ya bambanta. Girman ma haka, bambancin 2 KB zai iya zama asusu uku sababbi, zai iya zama tarihin gyara kawai.

Aliyu, ga yadda zan yi da ni ne. Da farko rufe manhajar a ko'ina, waya da ofis da gida, ka tabbata babu inda aka bar rumbun, wato fayil ɗin kalmomin sirrin, a buɗe. Sannan ka dakatar da daidaitawar a kwamfutar da za ka yi aikin, domin in ka bar ta tana gudu, kana haɗawa tana ɗorawa, za ka iya haifar da na shida. Kwashe dukkan biyar ɗin ka kwafa su wata folda da ba ta da alaƙa da intanet, in da hali har a filashi. Wannan kwafin shi ne igiyar da za ka kama idan abu ya karkace. Daga nan buɗe na asali, ka shiga Database, ka zaɓi Merge from database, ka nuna masa fayil na farko, ka saka babbar kalmar sirrin. Zai gaya maka ko ya samu canji. Ka adana, ka kawo na biyu, haka ɗaya bayan ɗaya. Mai amfani da KeePass 2 na Windows, wata manhajar da ke buɗe irin wannan fayil ɗin, nasa yana ƙarƙashin File, sunansa Synchronize.

Abin da ke sa wannan ya yiwu shi ne kowane kati a cikin rumbun, wato bayanin asusu ɗaya da sunan shiga da kalmarsa, yana da lambar shaida ta dindindin da ake kira UUID, da kuma lokacin da aka yi masa gyara na ƙarshe. Manhajar da lambar take gane cewa katin nan da wancan abu ɗaya ne, ko da ka canza masa suna ko ka mayar da shi wani rukuni. Wanda babu shi a nan ta kawo shi. Wanda yake a duka biyun ta ɗauki mai sabon lokaci, ta tura ɗayan cikin tarihin katin.

Hajiya Rabi
Ƙari kaɗan a kan maganar Malam: a kiyaye Import. Mutane suna ganinsa kusa da Merge su ɗauka ɗan'uwansa ne. Idan ka shigo da fayil ta hanyar da ke ba katuna sabbin lambobi, duk asusu zai zama biyu, mai kati ɗari uku ya wayi gari da ɗari shida. Kuma don Allah ka da wani ya ce zai fitar da su CSV ya jera a Excel don ya ga bambanci. Wannan fayil ɗin tsirara yake, babu kulle ko kaɗan, kuma da yawa a foldar da ke hawa intanet suke mantawa da shi.

Bashir
Ni fa gaskiya duk wannan wahalar ba na ganin dalilinta. Ɗan'uwa koma Bitwarden, wata manhajar ajiye kalmomin sirri, ka huta. Can kowane kati daban yake tafiya zuwa sabar, babu wani fayil guda da na'urori uku za su yi kokawa a kansa. Shekara huɗu ina ciki ban taɓa ganin fayil ya haihu ba. Su ma masu manhajar 1Password da suka fitar da siga ta 8 ai sun daina ba da damar ajiye rumbu a Dropbox. Duniya ta wuce wurin.

Malam Nura
Bashir, mutum gidansa na yoyo kana ce masa ya tashi ya bar unguwar. Ko zai koma can, dole sai ya haɗa biyar ɗin nan tukuna, in ba haka ba da giɓi zai yi ƙaura.

Bashir
Na yarda da wannan. Amma bayan ya haɗa fa? Matsalar za ta dawo. Tsarin ne bai dace da na'ura uku ba.

Injiniya Kabiru
Bashir akwai gaskiya a maganarka, amma ba duka ba. Dominik Reichl ya fitar da KeePass a 2003, lokacin da mutum da kwamfuta ɗaya yake, Dropbox ma sai bayan shekaru ya zo. Fayil guda ne aka gina shi a kai, ba a musu. Sai dai wannan fayil gudan shi ne abin da wasunmu muke so. Yana hannuna, na san inda yake, in na ga dama ba zai taɓa hawa intanet ba. Kowa ya tuna abin da ya faru da LastPass, wani kamfanin ajiye kalmomin sirri, a 2022, aka kwashe kwafin rumbunan mutane daga ma'ajiyarsu. A rufe suke, e, amma duk wanda babbar kalmarsa ba ta da ƙarfi sai da ya bi asusunsa ɗaya ɗaya yana canzawa. Wurin da aka tara rumbunan miliyoyin mutane ya fi jan idon ɓarawo a kan fayil ɗina guda.

Bashir
Naka ɗin ma ai a sabar wani yake kwance, Injiniya. Kuma Bitwarden a buɗe lambobinsa suke, mai so zai iya kafa nasa sabar a gida.

Injiniya Kabiru
Haka ne, shi ya sa nake haɗawa da fayil ɗin makulli wanda bai taɓa shiga foldar daidaitawa ba. Da hannu na kai shi kowace na'ura. Wanda ya sace rumbun ba tare da shi ba, ko ya san kalmar, ƙofa ba za ta buɗe ba. Amma mu bar wannan, kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kafa sabar a gida kuma wani aiki ne da ba kowa zai iya ɗauka ba.

Aliyu S.
Jama'a na dawo da rahoto. Na bi yadda Malam ya ce. Uku sun haɗu lafiya, katuna sun tashi daga 287 zuwa 294, har da wancan na Yuni da na ce na nema na rasa. Na gan shi sai da na yi dariya ni kaɗai. Amma matsala biyu. Ta ɗaya, na watan Maris ya ƙi buɗewa, yana cewa kalmar ba daidai ba ce. Ta biyu ta fi tayar min da hankali: imel ɗina da nake shiga kullum daga laftof, bayan haɗawar na gwada kalmar da ke kati sai aka ce ba ita ba ce. Abin da ke aiki jiya ya daina yau.

Malam Nura
Kwantar da hankalinka, babu abin da ya ɓata. Mu fara da ta biyu. Buɗe katin imel ɗin kamar za ka gyara, ka duba gefen hagu akwai History. Ka gaya min me ka gani.

Aliyu S.
Layi huɗu. Na sama na 14 ga Agusta ne. Na buɗe shi, kalmar da ke ciki daban ce da wadda ke kan katin yanzu. Na gwada ta, ta shiga! Alhamdulillah. Amma ta yaya tsohuwa ta danne sabuwa?

Malam Nura
Tuna da kyau, bayan 14 ga Agusta ka taɓa katin nan a wata na'ura?

Aliyu S.
Af. Na tuna. A waya na ƙara lambobin ceto, waɗanda ake dawo da asusu da su, a wurin rubutun ƙasa, ina jin kwana biyu bayan nan.

Malam Nura
To ga ta nan. Wannan shi ne ramin da yawancin masu haɗawa ba su sani ba. Manhajar kati sukutum take aunawa, ba layi-layin da ke cikinsa ba. Ranar 14 ka canza kalmar a laftof. Ranar 16 wayarka tana riƙe da tsohon kwafi, mai tsohuwar kalma, ka ƙara masa rubutu. A idon manhaja katin waya shi ne sabo, domin shi aka taɓa daga baya, sai ya hau gaba da duk abin da ke jikinsa, har da kalmar da ta mutu. Na laftof ya koma tarihi. Ba ta yi kuskure bisa ƙa'idarta ba, ƙa'idar ce ba ta san niyyarka ba. Yanzu sai ka kwafo kalmar daga tarihi ka saka a katin da hannu. Ka da ka danna Restore kai tsaye, zai dawo maka da katin ranar 14 gaba ɗaya, lambobin ceton su kuma su koma tarihi.

Kuma ka yi wannan binciken yanzu, ka da ka jinkirta. A saitin asali tarihin kowane kati guda 10 yake riƙewa, kuma bai wuce 6 MB. Katin da ake yawan taɓawa, abin da kake nema zai iya faɗuwa ta ƙasa. Ka jera katunan bisa lokacin gyara, ka bi duk wanda aka taɓa tun Maris, musamman banki da imel, ka gwada shiga da gaske.

Hajiya Rabi
Agogon na'ura ma yana shiga wannan lissafin. Kwamfutar da agogonta ke baya, duk gyaran da aka yi a kanta zai zama kamar tsoho. Bambancin yankin lokaci ba damuwa ba ne, a UTC, agogon bai-ɗaya na duniya, ake rubutawa, amma agogon da ya karkace matsala ne. Sannan ka leƙa ko wani kati da ka goge ya dawo. Idan ka goge shi a nan, daga baya aka taɓa shi a can, gyaran ne ke rinjayar gogewar.

Na Maris kuwa, ba ka canza babbar kalmar sirrinka tsakanin lokacin da yanzu ba?

Aliyu S.
Hajiya kin gano ni. A watan Mayu na canza, domin ta farkon gajeriya ce, kunya ma take ba ni. Allah ya sa ina tuna ta. Ya buɗe, na haɗa, kati ɗaya kawai ya ƙaru.

Injiniya Kabiru
To a nan nake so ka tsaya ka yi tunani, domin wannan ya fi maganar ninkin fayil nauyi. Tun Mayu kana ganin ka ƙarfafa ƙofarka, alhali cikakken kwafin rumbunka yana kwance a intanet da tsohon kwaɗon da kai kanka ka ce ba shi da ƙarfi. Canza babbar kalma fayil ɗin da ke gabanka kawai yake shafa, ba ya bin tsofaffin kwafi. Kuma ko ka goge shi yau, ba nan take yake ɓacewa ba. Kwandon sharar Google Drive kwana 30 yake riƙe abu, ƙananan tsare-tsaren Dropbox ma kwana 30 suke ajiye abin da aka goge da tsofaffin sigogin fayil. Ka shiga ta burauza ka share shi daga kwandon da kanka. Idan kana da wani dalilin zargin cewa tsohuwar kalmar ta taɓa fita, ko ka yi amfani da ita a wani shafin, to kalmomin da ke ciki tun kafin Mayu su ne abin canzawa, ka fara da imel da banki.

Sadiq
Wannan ajiyar ta kwana 30 ai takobi ce mai kaifi biyu. Da Aliyu ya bi shawarata ta farko, ita ce za ta cece shi.

Zainab
Sannunku. Ina bin zancen tun safe ban ce komai ba. Ni abin da ya kashe min wannan matsalar ba wata dabara ba ce, na hana waya rubutu ne kawai. A waya karantawa nake yi, duk sabon asusu ko canji sai na zauna gaban kwamfuta. In dole ta kama a hanya, Keepass2Android nake amfani da shi, yana duba ko fayil ɗin ya canza a sama kafin ya adana, in ya canza ya tambaye ni ko ya haɗa. Kusan kullum waya ce mai laifi, domin tana kashe manhajojin da ke aiki a bayan fage don tattalin batir, sai ka buɗe kwafin shekaranjiya kana ganin na yau ne.

Malam Nura
Madalla da Zainab. A kwamfuta kuma, Aliyu, shiga saitin KeePassXC ka tabbata adanawa bayan kowane canji a kunne take, haka ma sake loda rumbun idan an canza shi daga waje. Ka sa ya kulle kansa bayan 'yan mintuna. Ina kyautata zaton kwamfutar ofis ɗinka ce ke kwana da rumbu a buɗe daga Juma'a zuwa Litinin. Akwai kuma zaɓin ajiye kwafi kafin kowace adanawa, a da yana barin fayil mai .old a sunansa kusa da na asali, ka da ka gan shi ka ɗauka wani sabon rikici ne. Ka nuna masa folda ta daban.

Mai KeePass 2 yana da hanyar da ta fi wannan tsafta, a shafin taimakon manhajar ma an bayyana ta. Rumbun da kake aiki da shi ya zauna a foldar da ba ta hawa intanet, wani kwafin ya zauna a foldar daidaitawa, ka kafa abin da suke kira trigger ta yadda duk sanda ka adana sai ya haɗa biyun kati-kati. Ko na sama ya rikice, na hannunka lafiya lau yake.

Bashir
Kun ga dai yawan sharuɗɗan da kuka jero don a riƙe fayil ɗaya. Ni na yi shiru.

Aliyu S.
Bashir ka ci gaba da wa'azinka, wata rana ƙila in tuba. Yanzu dai katuna 295, na gwada manyan guda ashirin duk sun shiga, na samu ƙarin ɗaya mai irin matsalar imel ɗin na gyara. Na kunna daidaitawa, na jira alamar ta nuna an gama kafin na buɗe a waya, adadin ya zo daidai. Huɗun na cire su daga foldar da kwandon shara. Na duba kwamfutar ofis, Malam ya canka, kulle kai a kashe yake. Kwafin da ke filashi fa, yaushe zan goge?

Malam Nura
Na Maris mai tsohuwar kalma goge shi yanzu, ka riga ka kwashe abin da ke ciki. Sauran huɗun ba su wata guda a aljihun tebur, har ka biya kuɗin wata ka shiga duk shafukan da ba ka cika shiga ba.

Zainab
Malam kafin a watse, in rumbun na mutum biyu ne fa, ni da maigida muna rubutu a fayil ɗaya?

Malam Nura
Ku raba uku. Naki, nasa, da ƙarami na abin da kuka haɗa, shi ma ɗin mutum ɗaya ya riƙa rubutawa. Buɗe sabon zance a kai, akwai abin faɗa da yawa game da wanda zai riƙe fayil ɗin makulli.